An Tare Hanyar Tibiri

Dogon Dutsi, Litinin

Yaya Basira,

Assalamu alaikum. Ina gida, ina yara, ina maigidanki Malam Iro?

Yaya, gari ya rikice! Kin san 'yan kabu-kabun nan masu haya da babur da sandikanmu, wato ƙungiyarmu ta direbobi, ya jawo jiki, har muka ba su wuri a tasha? Jiya da hantsi suka tare motar sandikan Tibiri, wai tana kwashe musu fasinja. Suka farfasa gilashi, suka lakaɗa wa direba duka. Ko shawara ba su yi da mu ba! Yanzu sun cika ofis suna cewa, "Ku ne manya, ku tsaya mana." Ni da nake sakatare ban san me zan rubuta ba. Me ake faɗi can?

Ƙanenki,
Mani

Tibiri, Talata

Mani,

Wa alaikumus salam. Yara lafiya.

Direban da suka daka Iro ne. Hannunsa na dama ya karye.

Nan ba mai cewa 'yan kabu-kabu, kowa cewa yake sandikan Dogon Dutsi. Direbobinmu sun gicciya itace a hanya, sun rantse cikin motocinku arba'in ba wadda za ta wuce lafiya. Ku kuka ɗaure kura, ku kwance ta. Kar ka zo.

Allah ya tsare,
Basira

Dogon Dutsi, Laraba

Yaya,

Gaisuwa da jaje. Wallahi ban sani ba!

Yau aka yi taro, kamar rufi zai tashi. Wasu suka ce in muka yar da su, ba wanda zai sake fakewa da mu. Wasu suka ce in muka tsaya musu, hanya ta tafi. Na miƙe na karanta takardarki da ƙarfi. Shugabanmu Alhaji Inusa ya ce, "A kai mutum ukun da suka daki direban wurin jandarma."

Sauran 'yan kabu-kabun sun kwashe baburansu suna kiranmu maciya amana. Gobe Alhaji zai zo duba Iro da kansa, mota ɗaya, ba rakiya. Ni zan tuƙa.

Naki,
Mani

Tibiri, Laraba da la'asar

Mani,

Sallama. Iro ya ce ku taho. Shi zai tsaya bakin itacen da ɗaurarren hannunsa. Sauran direbobin ba su yi alkawarin komai ba.

Ka tuƙa a hankali, ka sauke gilashi su ga fuskarka.

Yayarka,
Basira