Cibiyar Imran tana tafe gida

Taman Melati, Kuala Lumpur

Zuwa ga ƙanena Abdulgani,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyali, Allah ya ƙara sauƙin gwiwar nan taka. Mu nan lafiya lau. Bashira, matar ɗana Zahraddeen, ta sauka, namiji, an raɗa masa Imran. Tun ranar suna ba na iya zama wuri ɗaya don murna.

Shekaranjiya cibiyarsa ta faɗi, na rasa inda zan binne ta. Gidan Zahraddeen yana hawa na goma sha tara, ƙasar da ke cikinsa kaf ta tukunyar fure ce. Uban ya yi dariya, ya ce canfi ne, a jefar. Na ce ashe mai digirin nazarin ƙasar noma bai san darajarta ba. Don ya lallashe ni sai ya zaunar da ni bakin taga, ya buɗe littafinsa. Ya ce a Latin, harshen Rumawan dā, doron ƙasa terra ne, baƙar ƙasa mai taki kuma humus, har yau haka masana ke kiranta. Ya nuna mini jerin ƙananan gidaje can ƙasa, ya ce mutanen nan teres suke ce musu, daga terra ɗin nan, Turawa suka kawo ta.

Ka san da furfura na shiga ajin yamma, sai na rubuta kalmomin sannu a hankali. Hadari na tasowa bayan duwatsu, ni kuwa ina ta ganin kalmar nan cikin jirgin ruwa, shekara dubu biyu tana tafiya, har ta sauka bakin mai shayin unguwar nan. Na ce masa ɗansa ma haka zai yi nisa, harshensa ya juye, shi ya sa nake son a san inda ya fito. Sai ya tashi ya ɗauko mini ambulan, na saka cibiyar a ciki.

Sirajo, abokin karatunsa, zai taho da ita ranar Laraba. Ka kai ta gonar fadama, gindin ɗorawar da Baba ya binne tamu. Kai za ka haƙa da hannunka, kada ka aiki kowa, domin mu biyu kaɗai muka rage da muka san wurin.

Ka gaida Hadijatu da Hussaina da Inna Indo.

Yayanka mai kewar gida,
Alkasim