Allurar Nasiha

Yelwa, Garwa

Zuwa ga Yayata Fati,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kuna lafiya, ke da Inna da yara da duk mutanen Jimeta. Mun iso Garwa lafiya, sai dai zafin nan da kika sani, wanda ko bango ka jingina da shi sai ya gasa maka baya. Na ba direba takarda ne saboda a gidan nan ko atishawa na yi a waya sai surukata, Hadje Kaltouma, ta amsa daga ɗakinta.

An yi murna da Nasiha sosai. Hadje ta ce kun riƙe musu jika har ta fara rarrafe, wai tun da aka kafa Garwa ba a taɓa wankan jego mai tsawon nawa ba. Na yi dariya, amma akwai abin da ya tsaya mini a rai. Kin tuna Inna ta ce allurar ƙyanda ta wata tara a bari sai mun dawo nan? Ashe masu rigakafi sun kafa tebur a ƙofar mai unguwa, sun gama, sun kwashe kafin mu iso. Hadje kuwa ta kafe wai ai tabbas an yi mata a Najeriya, tunda can aka haife ta. Ni kuma ita ce 'yata ta fari, ba zan tsaya gaban suruka ina haƙilo a kanta a ce ba ni da kunya ba.

Ki gaishe da Inna, ki ce mata dakakken yajinta ya kusa haɗa faɗa a gidan nan.

Ƙanwarki,
Adawiyya

Yelwa, Garwa

Yaya Fati,

Ina gaisuwa. Ya jikin Inna, ya ƙafar tata? Saƙonki ya iso, kuma ban ji daɗinsa ba. Wato masu allurar sun zo Jimeta ne bayan tahowarmu. Na nan sun gama ba mu zo ba, na can sun fara mun tafi. Kamar da gangan.

Na fake da zuwa kasuwa na kai Nasiha ƙaramin asibitin unguwa. Malamar asibitin, Madam Jocelyne, ta ce maganin ya ƙare tun wancan zagayen, sai wata mai kamawa. Mace ce mai faɗa, amma ba ni ta yi wa ba. Ta ce ta gaji da ganin yara irin Nasiha, haihuwar can rainon nan. Ta ce da ƙasashen biyu za su zauna su sa mako guda, su riƙa gaya wa juna inda ciwo ya ɓulla, da ba yaron da zai sulale ta tsakani. Na dawo ina ta juya maganar. Idan za a saki ruwan madatsar Lagdo har rediyo ake sanarwa don mutanen Yola su shirya. To shi ciwo ba ta wannan hanyar yake bi ba?

Yaya, unguwar nan ta canza. Ba mai kiran sunan abin, sai dai ka ji an ce baƙo ya sauka a gidan wane, a ja ƙyaure a ɓoye yaro a ɗaka. Makarantar allon layinmu ta yi shiru. Sau da yawa ina jin wucewar maza ta bayan katanga, ba hira, ba makara, domin abin da suka ɗauko bai wuce a rungume shi a tabarma ba.

Tun jiya jikin Nasiha da zafi, idonta ja, tana tari. Hadje ta ce haƙori ne, ta shafa mata man shanu a dasashi. Babanta yana Kuseri da kaya, waya ma da ƙyar take shiga. Ina jin tsoro, Yaya. Na faɗa miki tunda ba wanda zan faɗa wa a nan. Gobe zan kai ta babban asibiti, kowa ya ce abin da zai ce.

Ku sa mu a addu'a.

Adawiyya

Garwa

Yayata,

Ina gaishe ku, ina fata kuna lafiya. Na san Baban Nasiha ya riga ya kira ku. Allah ya karɓi abarsa ranar Talata da hantsi, tana kan cinyata. Ƙurajen sun fito sun fara baƙi, har na ce sauƙi ya zo, sai ciwon ya sauka a ƙirjinta. Likitoci sun yi iyakar yinsu.

A ɗakin da aka kwantar da mu akwai wata mata daga Lere ta Chadi, akwai wata daga Belel, ta wajenku. Ba ma jin yaren juna sosai, amma tarin 'ya'yanmu iri ɗaya ne. Ta Belel ta riga ni fita da zane a naɗe.

Hadje ba ta iya haɗa ido da ni. Ban riƙe ta ba. Ita ta yarda da ku, ku kun yarda da masu allurar nan, ba wanda ya yi da mugunta.

An ce kuna shirin ɗauko mota gida guda ku zo gaisuwa, kamar yadda aka saba. Don Allah kada ku zo. Gidan nan cike yake da mata da goyonsu, kuma yaran kishiyar Hadje biyu sun kwanta. Taufiƙ ɗinki bai isa allura ba tukuna, nono kawai yake sha. Idan kika shigo da shi, ba ku kaɗai za ku koma Jimeta ba. Idan kika bar shi, wa zai shayar da shi? Inna ma ki hana ta, don na san ba za ta taho ba sai ta jawo jikoki. Dangin miji za su ce 'yan'uwana sun watsar da ni. Su faɗa.

Wallahi ba abin da nake so a duniya yanzu kamar in sa kaina a kafaɗarki in yi kukan da aka hana ni yi a nan. Amma ki zauna a gida, ki rufe ƙofa, ki riƙe ɗanki.

Ƙanwarki,
Adawiyya