Ƙararrawar Kawu Jaji

Taura, farkon damina

Zuwa ga 'yar kawuna Larai, a Lakwaja.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara, Ya kuma ƙara mana haƙurin rashin mahaifinki, Kawu Jaji. Mu nan lafiya lau, ruwa ya sauka, mun yi shuka. Mahaifiyata Iya Gaji ce dai har yanzu ba ta koma daidai ba, kin san shi kaɗai ya rage mata a 'yan ɗakinsu. Saƙonki ya iso ta hannun mutanen reluwe, na ga tambayarki ɗaya ce tak: ko ya sami abin nan da kuke kira Jibi Mai Tsarki kafin ya cika. Zan amsa miki, amma sai na ɗauko daga tushe. Kada ki ce jan rai irin na taubasai nake yi miki, wallahi yau ba wasa a bakina.

Kin fi ni sanin yadda mahara suka ɗauke shi yana yaro a ƙauyenmu na wajen Dutse, aka yi ta sayar da shi har ya faɗa hannun Fada-fada, Turawan nan limaman coci, a garinku, suka fanshe shi, ya shiga addininsu. Mu kuwa abin da muka sani shi ne ranar da wani tsoho mai gadin kayan reluwe ya tsaya a kasuwar Taura, Iya ta dubi tsagar fuskarsa ta gane ɗan'uwanta ne, ta saki ƙwaryar nono. Muka kawo shi gida, muka ba shi ɗakin da ke jikin rumbu. Ba mu taɓa takura masa ba, shi ma haka. Da azumi ma shi yake tashin mu sahur.

Kowace Lahadi da hantsi sai ya kife turmi a ɗakinsa, ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya kunna fitila rana tsaka, ya durƙusa da 'yar ƙararrawarsa ta tagulla. Sai ya faɗi 'yan kalmomi da harshen Fada-fada, ya yi shiru, ya sake faɗi, ya sake yin shiru, kamar mai amsa sallamar da ba a yi ba. Maƙwabta suka ce da iskoki yake zance. Na tambaye shi, ya yi dariya ya ce wannan ba cikakkiyar Misa ba ce, wato sallarku ta coci, rabinta ne. Ya ce tun yana yaro shi ne mai amsa wa Fada a coci, kuma ba shi da ikon faɗin kason Fada, shi ya sa yake bar masa gurbinsa. Gurasar Jibin ma, in ji shi, ba ta zama abin da take zama sai a hannun Fada, cikin jama'a, kuma yunwarta ta fi damunsa a kan yunwar tuwo. Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba shi ne, wata Lahadi ina gyaran danga a bayan ɗakin, na ji wata murya a cikin shirun nan, ƙasa-ƙasa, mai kauri, tana jan magana ta hanci. Na zagaya na leƙa. Shi kaɗai ne a durƙushe, ga turmi, ga fitila. Tun daga ranar na daina gyaran danga ran Lahadi.

Da bazara ciwon ƙirji ya kwantar da shi. Muka aika Sabon Garin Kano, aka ce Fada yana nan tafe a jirgin ƙasa, amma ba a faɗi rana ba. To kin san dokarku, mai son karɓar Jibi ba ya sa komai a baki tun tsakar dare, ko ɗigon ruwa. Sai Kawu ya shiga yin haka kullum, wai kada Fada ya zo ya tarar bai shirya ba. Ga zafin da kaza ma buɗe baki take yi, ga tsoho da zazzaɓi, leɓensa duk sun tsage, ba zai sha ba sai jirgi ya wuce babu Fada. Na yi faɗa har na gaji, na ce wannan ai taurin kai ne, na kuma gano inda kika gado naki. Wata safiya numfashinsa ya yi sama, idanu suka kafe. Iya ta yi abin da kowace 'yar'uwa take yi wa mai barin duniya a nan: ta tsoma auduga a ruwa ta ɗiga masa a baki. Ya haɗiya, ya farfaɗo, yana gane abin da ya faru kenan sai ga kukan jirgi. Ya juya fuska bango yana hawaye, ya ce yau ne Fada zai zo, kuma ga shi an karya masa shirinsa. Iya ta fita ta zauna a gindin rumbu, ta kasa ko kuka.

Yau ɗin ne kuwa. Sai ga Bature cikin farar riga har ƙasa, da mutanen kudu uku masu aikin tasha. Kawu ya gaya masa ya sha ruwa. Fada ya dube shi ya ce da Hausarsa mai gargada dokar ba ta hau kan wanda ya riga ya ɗaura tafiya ba. Duk muka gane abin da yake nufi. Kawu ma ya gane, amma murmushi ya yi kamar an yi masa albishir. Aka kife turmin, mutanen kudu suka durƙusa, ni ina bakin ƙofa. Fada yana buɗe baki tsigar jikina ta tashi, Larai, domin muryar nan ce da na ji a bayan danga, ga ta a bakin mutumin da bai taɓa taka Taura ba. Maganarsa ta zauna daram a cikin kowane shiru da Kawu ya saba bari. Kawu ya amsa, ya kaɗa ƙararrawa, aka sa masa 'yar farar gurasa a harshe. To ga amsarki: ya samu. Ya kira Iya ya ce ta ba shi ruwa da hannunta, ya sha ya ƙoshi. Kafin la'asar ya cika.

Da a nan abin ya tsaya, da na rufe takarda. Amma tun bayan binne shi, kowace Lahadi da hantsi, daga ɗakin da na kulle da hannuna, nakan ji muryar nan mai kauri ta faɗi nata kason, sannan ta yi shiru daidai inda Kawu yake amsawa. Jira take yi. Iya ta ce ita ba ta jin komai, amma na lura ba ta shan ruwa ran Lahadi sai rana ta take. Lahadin da ta wuce ina tsaye a tsakar gida, shirun ya yi tsawo, sai na tarar leɓena suna motsi. Ashe duk shekarun nan amsoshin Kawu sun zauna mini a ka ban sani ba. Na toshe bakina da hannu, na yi ta'awwuzi, na fice gona. Tsoro nake ji, ba na ɓoye miki.

Ga ƙararrawar nan na naɗe ta a farin ƙyallensa, mai kawo takarda zai ba ki. Ki kai ta cocin da ya girma, ki sa a yi masa Misa. Kuma ki je da ƙafarki, kada ki aika. Kawu ya sha yi mini ƙorafi cewa ya ji kasuwa ta fara cinye miki Lahadi, abin yana ci masa rai ƙwarai.

Iya tana gaishe ki, ta ce ki yafe mata ruwan nan ko da yake shi ya yafe. Matata Rakiya da ƙanena Muntaka suna gaisuwa, haka Baba Ɗan'inna daga Dutse. Ki gaida maigidanki, ki shafa mini kan yara. Ki je ki amsa, Larai. Ana jira, kuma ni kason amsawar nan ba nawa ba ne.

Naki ɗan'uwa kuma taubashi,
Gwadabe