Gorar Kalilu

Birnin Kebbi

Zuwa ga Yayana Kalilu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kai da Ma'u da yara kuna lafiya. Tunda waya ba ta da amfani tsakaninmu yanzu, ga takarda ta hannun direba.

Na kai sakamakon gwajinka asibiti. Likita ya ce babu alamar ciwon dajin ya dawo maƙogwaronka. Wallahi sai da na yi kuka a cikin keke. Amma nas Cecilia ta sake ja mini kunne: hudar da aka yi maka a wuya, wadda kake numfashi da ita, kai tsaye take zuwa huhu. Ruwa ya shiga, an gama. Ma'u ta ce kullum kana shafa wa gorarka ta kamun kifi mai. Mai kuma na mene ne? Na san taurin kanka. Don Allah ka aiko mini da gorar nan in ajiye.

Ƙanwarka,
Baiwa

Argungu

Baiwa,

Wa'alaikumus salam, na gaishe ki da aiki. Alhamdu lillahi da labarin likita. Kowa na ce mini na warke, ni kuwa sai in ɗaga kai, tunda muryar da zan yi gardama da ita tana can asibiti inda anka yanke ta.

Bari in gaya miki warkewar. Ma'u na bandar kifi kusa da ni, ba ni jin ƙamshi. Kunu ba ni iya hura shi. Wanka da moɗa nike yi, ina dafe da wuya kamar mai ɓoyon abin sata. A majalisa, kafin in rubuta amsa a ƙasa an wuce maganar. Hodi kaɗai, abokina na kamun kifi, ke tsayawa shi karanta, shi ma don shi yi mini dariyar rubutu. Tun ina yaro nike kwanciya bisa gorar nan cikin gulbi. Yanzu daga bakin gaɓa nike kallon masunta. Ki bar mini ita, ko shafawa in yi.

Yayanki,
Kalilu

Birnin Kebbi

Yaya,

Salamu alaikum. Hankalina a tashe yake. Direba ya ce ranar Laraba an ga mutane na gudu zuwa gulbi, an kuma gan ka jiƙe, rungume da gora. Ma'u ba ta ɗaukar waya. Ashe duk wahalar asibitin Sakkwato da muka sha, da gashin da aka yi maka, a ruwa za ka zubar? Ni ban san abin da zan ƙara yi maka ba. Magani na iya nema, wannan kuwa ya fi ƙarfina. Ka aiko gorar gobe, ko in zo in fasa ta da hannuna.

Ki... ka ga har rubutun ya rikice mini. Allah Ya tsare.

Baiwa

Argungu

Baiwa,

Sallama. Ban shiga ba, iyakata gwiwa.

Hodi ne homa, ragar kamun kifi, ta naɗe wa ƙafa, ya nutse gabana, ba kowa kusa. Na buɗe baki in yi kururuwa, iska kawai ta fita ta wuya. Na taka ruwa, na tuna hudar, na tsaya. Ni da na sha ciro mutane daga gulbin ga, sai na ɗauki icce na yi ta dukan gora har masu aikin shinkafa sunka jiyo. An ciro shi da rai, yana kwance, bai fara magana ba tukuna. Tun ranar ban iya cin abinci ba.

Kada ki zo fasa ta. Ita kaɗai ta rage mini da ake ji daga nesa.

Ki gaida gida.

Kalilu