Amya Ɗaya Ta Rage

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da Anti da jaririya. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana fitowa tsakar gida ba sanda.

Yaya, sau uku ina fara rubutun nan ina yagawa. Amyoyin zuma uku da ka bar mini amana, biyu sun mutu. Ranar Talata da hantsi Baffa ya yi feshi a gonar wakensa ta bayan katangarmu, waken kuwa ya cika da fure, ƙudan zumanka na kai suna ta aiki. Abin da ya fi ci mini rai, ni na kai masa ruwan da ya haɗa maganin. Na tuna ka ce ba a feshi a kan fure sai yamma lis, in ƙuda sun koma gida, kuma a lulluɓe amya da jiƙaƙƙen buhu. Maganar tana bakina, amma ka san ni a gaban Baffa. Na ajiye bokiti na tsaya ina murza bakin mayafina, har ya goya tankin ya shiga gona.

Kafin azahar ƙudan suka fara zubowa a gindin mangwaro, suna juyi a ƙasa, sun kasa tashi. Da tsintsiya na share su, suka cika kwano biyu. Amyar bayan rumbu kaɗai ta tsira, ita ma kukanta ya ragu sosai.

Jiya na ji Baffa zai sake feshi ranar Asabar. Na je na durƙusa, na faɗa masa komai. Ya dube ni, ya ce ashe bebiyar gidan nan tana da baki. Sannan ya ce wallahi bai sani ba, zai jira yamma, ai ba wani abu ba ne. Na zaci faɗa zai yi, Yaya. Sauƙin da ya amsa da shi ne ya sa ni kukan da ban yi ba ranar da na share su.

Ka yafe mini. In kana so a ba wani riƙon wadda ta rage, ba zan ji haushi ba, amma ina roƙo ka bar mini ita.

Inna da Goggo suna gaishe ka. Ka gaida Anti, ka shafa mini kan jaririya.

Taka ƙanwa,
Auta