Tsohon Sin da Kafaɗata

Makka, Zulƙida 1371

Yaya Wada,

Gaisuwa mai yawa. Yaya Inna da su Shatu? Ni lafiya lau, sai ɗan ciwon kafaɗa.

Wani saurayi mutumin Sin na tarar yana tsalle-tsalle a unguwar Hindawiyya, ana ta tafi, wai faɗan ƙasarsu ne. Ni da na shekara goma ina dambe, na ce wannan ai rawa ce. Ubansa, tsoho tukuf, ya ce da Larabci, "Gaskiyarka, ɗana ya ɓata abin. Kawo naushi ka ga na ainihi."

Na kai wa tsohon naushi, sai gani na yi ina kwance, kafaɗata ta goce.

Bana dai ba ni ba dako a Mina. Kada Inna ta ji. Abin haushi, saurayin ne ke kawo mini abinci kullum, yana murmushi.

A sa ni a addu'a.

Ƙaninka,
Sabo