Baƙon da Zai Hau Tudunmu

Ƙanena Habu,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya ƙafar Inna, ya sanyin Gembu?

Ka tuna Baturen nan, shugabana a wurin aiki, da ya hana ni hutu Baba na kwance har ya cika? To, zai zo gudun fanfalaki a tsaunin Mambila. Wai hawa tudu wasa ne. Ban gaya masa yadda numfashin baƙo ke yankewa a can ba.

Ka sauke shi, ka ciyar da shi, kada a cuce shi. Amma ka shiga gudun, ka wuce shi a hawa. In ya gama haki, ka kai shi kabarin Baba.

Ku sa ni a addu'a, na gaji. Ka gaida kowa.

Yayanka Sale,
Plumstead, Landan